Sakin Mota a Furi Ba Tsimin Mai Ba Ne

Mota mai giyar otomatik ita ce wadda ke canja giya da kanta gwargwadon gudu da nauyin da ta ɗauka, ba tare da direba ya taka kuloci ba. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara fitar da irinta da yawa kasuwa a shekarar 1939. A yau galibin Corolla da Camry da Sienna da Honda da ake sayowa na hannu daga ƙasashen waje irinta ne, kuma sun cika hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega. Haruffan da ke jikin sandar giyar kaɗan ne. P na ajiye mota ne, R na ribas, N na furi, wato inda aka raba inji da tayoyi, D kuma na tafiya. Akwai L ko 2 ko 3 a ƙasa, waɗanda ke riƙe mota a ƙaramar giya. Birkinta na aiki da mai ne: ƙafa ta taka, man birki ya bi siraran bututai ya matse takalmin birki a jikin faranti, taya ya tsaya.

Wannan bayani kowane direba ya san shi. Matsalar tana wajen wata ɗabi'a da ta ƙara yaɗuwa tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Direba zai ɗauki gudu, da ya hango ɗan gangare sai ya tura sanda zuwa N ya bar mota ta yi ta sulalewa. Wani ma har makulli yake murɗawa ya kashe inji, ga mutane cike da mota. In an yi magana ya ce tsimin mai yake yi, haka ya ga ubangidansa na yi.

Ubangidan nasa yana da ɗan uzuri. Ya koyi tuƙi ne a zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, motoci masu kafireto da giyar hannu. Kafireto ba ya daina tsotsar mai muddin inji na juyawa, don haka sakin irin waɗancan motoci a furi yana iya rage ɗan wani abu, ko da yake a lokacin ma ganganci ne. Motocin yanzu ba haka suke ba. Kwamfutar mota ce ke auna man da ake fesa wa inji. Idan mota na tafe a D da ɗan gudu, direba ya ɗage ƙafa daga totur, tayoyi ne ke juya injin, sai kwamfutar ta tsayar da fesa mai gaba ɗaya har sai gudun ya sauka. Idan kuwa aka mayar da ita N, an yanke tsakanin taya da inji, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Ke nan a kan gangare mai barin motarsa a D ba ya ƙona komai, mai sakinta a furi shi ke ƙonawa. Ana iya cewa ai a furi mota ta fi nisan sulalewa. Gaskiya ne, amma abin da za a tsira da shi ta nan bai kai kuɗin kofin shayi ba, kuma da an taka birki a ƙarshen gangaren ya tafi a banza.

Asarar da ke ɗaya ɓangaren kuwa babba ce. Ta farko, inji da kansa birki ne. Muddin mota na cikin giya, yana riƙe ta, yana hana ta ƙwacewa. A furi wannan riƙon ya tafi, nauyin mota da fasinja da buhunan da aka ɗaure a but duk ya koma kan takalman birki. Birki na tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi, kuma zafin na da iyaka. Sabon man birki nau'in DOT 3 yana tafasa ne a digiri 205, amma yana shan danshin iska a hankali, in ya tsufa tafasarsa na iya saukowa zuwa digiri 140. Da ya tafasa, tururi ya shiga bututu, ƙafa za ta taka har ƙasa mota ba ta ji ba. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, birki ba ya samun saurin hucewa. Da yawa daga abin da ake kira "birki ya shanye" ta haka yake farawa.

Ta biyu, mai tafiya a furi ya zubar da rabin ikonsa a kan mota. Ba kowane haɗari ake kauce wa da birki ba, wani sai an ƙara wuta. Hanyar Boɗinga zuwa Shagari hanya ce ta tireloli da tankoki da masu babura da amalanken shanu da raƙuma, ga garken dabbobi da ke tsallakawa ba sallama, ga kasuwannin bakin titi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙar da direba zai ɓata yana laluben sanda don komawa D ta isa a yi ta'aziyya. Bugu da ƙari, R na maƙwabtaka da N. Hannun da ke rawa don firgici yana iya zarcewa, kuma a tsofaffin motoci da ba su da kariya daga hakan, giyabos ne zai tafi, ko tayoyi su ƙulle a tsakiyar titi.

Kashe inji kuwa ya wuce ganganci. Laushin da ake ji a birki ba ƙarfin ƙafa ba ne. Akwai wani baƙin tulun ƙarfe a bayan birkin da ke ninka ƙarfin takun, kuma da zuƙar iskar inji yake aiki. In inji ya mutu, abin da ya rage a cikinsa taku biyu ne ko uku, daga nan birkin ya sandare, sai an danna da dukkan ƙarfi kafin mota ta ɗan saurara. Sitiyari ma ya yi nauyi. Famfon da ke zagaya da man giya shi ma inji ke juya shi, saboda haka motar da ke gudu da mataccen inji tana cin kayan cikin giyabos ɗinta ne ba mai. Kuɗin giyabos ɗaya ya fi man da za a tsimanta a shekaru. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ba banza ba dokar hanya ta Ingila ta yi gargaɗi a kan tafiya a furi, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta haramta shi a kan gangare.

Abin takaici shi ne yadda ake rufe maganar bayan an yi ɓarna. A ce tsautsayi ne, kwana ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma malamai ba su taɓa koyar da cewa tawakkali na nufin watsi da sababi ba. Wanda ya ɗauki rayukan mutane amana ya ɗauka, kuma kashe inji da gangan a kan gudu cin amanar nan ne. Fasinjan da ya ji inji ya yi shiru ya kama bakinsa don kada a ce ya cika surutu, shi ma ya taimaka. Shugabannin tasha da ke sane da masu yi suka kau da kai, haka nan.

Ba wannan kaɗai ke kifar da motoci ba. Akwai gudun wuce sa'a, da lodin da ya fi ƙarfin mota, da suɗaɗɗun tayoyi, da ramuka, da gyangyaɗi, da ƙwaya.

Maganin sakin mota a furi kuwa shi ne sanin tuƙin otomatik yadda ya dace, wanda ke farawa tun kafin a motsa. A tayar da mota tana P, ƙafa na kan birki, kuma kada a ɗage ta sai an sa giyar da ake so an duba gaba da baya, domin motar na fara jan jiki da kanta ko ba a taɓa totur ba. Ƙafar dama kaɗai ke aiki, ita ke totur ita ke birki. Ta hagu a ajiye ta gefe. Wanda ya saba da kuloci ya kula sosai a kwanakin farko, don ƙafarsa ta hagu na iya kai wa birki irin takun kuloci. Masu ɗora ƙafa a kan birki suna tafiya kuwa suna dafa shi ne a hankali, suna kuma rikita na bayansu da jar wuta.

Ba a sauya D zuwa R, ko R zuwa D, sai mota ta tsaya cak. P ma haka. Abin da ke riƙe mota a P ɗan ƙaramin haƙorin ƙarfe ne a cikin giyabos, ba a yi shi don tsayar da mota mai tafiya ba. Wajen ajiyewa, a taka birki, a ja birkin hannu, sannan a sa P, musamman a wuri mai gangare. Kada a bar yara a mota inji na aiki.

A gangare mai tsawo, ko in mota ta yi nauyi, a rage gudu tun daga sama, a sauko da sanda zuwa 3 ko 2, inji ya riƙe motar. Birki a riƙa taka shi ana saki, kada a kwanta a kansa. Iyakar gudun da dokar hanya ta Najeriya ta sa wa ƙananan motoci ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. A bar tazarar daƙiƙa 3 tsakanin mota da ta gabanta, a ƙara da damina ko lokacin hazo.

Yawancin waɗannan motoci suna da ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa a birkin gaggawa. Idan aka taka da ƙarfi aka ji birkin na karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, aikinsa yake yi. A ci gaba da dannawa, a kauce da sitiyari. Fitilar ABS in ta kama ta ƙi mutuwa, a kai wa bakanike ya gyara, kada a yarda a cire ƙwan ko a liƙe shi.

A duba man birki kowane mako, a canja shi duk shekara 2, da nau'in da aka rubuta a murfin gwangwaninsa. Raguwarsa alama ce ta takalmi ya cinye ko wani wuri na yoyo. Zuba ruwan sabulu a madadinsa, ko toshe bututun taya ɗaya don a lallaɓa, kasada ce da rai. Ƙarar ƙarfe, ko ja gefe ɗaya, ko birki mai laushi da ke nutsewa, duk dalilan ajiye mota ne a ranar. Man giya shi ma kowace mota da nata nau'in. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, giyar na neman gyara.

Idan birki ya ƙi kamawa ana cikin tafiya, a ɗage ƙafa daga totur, a yi ta famfa birkin da sauri, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya zuwa L, a ja birkin hannu sannu a hankali yatsa na kan maɓallinsa, a kunna wutar haɗari, a yi ta hon, a nemi yashi ko tudu a gefen hanya. Ba a kashe inji, ba a sa P, sai mota ta tsaya. Motar otomatik ba ta tashi da turi, in batir ya mutu sai a haɗa mata da wani. In ta lalace, ɗora ta a kan wata motar ya fi janta da igiya, don jan nesa na ƙona giya. Idan an yi haɗari, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce 122, kuma kiranta kyauta ne.