Mako Guda a Biranen Sarakunan Maroko

Garuruwa huɗu ne a Maroko da kowannensu ya taɓa zama mazaunin sarki: Fas, Marrakish, Miknas da Rabat. Masu shirya tafiye-tafiye kan jera su a takarda ɗaya su ce kwana biyar sun wadatar. A taswira abin kamar wasa. Wanda ya gwada ne zai ba da labari, domin tsakanin Fas da Marrakish kaɗai tafiyar kusan awa bakwai ce a jirgin ƙasa. Yini guda ya ƙare ke nan a kan kujera, ba a ga komai ba sai gonakin zaitun ta taga.

Saboda haka mai mako guda a hannu sai ya fara da yanke hukunci: wane gari ne za a kwana, wane ne za a leƙa a wuce?

Jiragen Royal Air Maroc daga Legas da Abuja da Yamai a Kasablanka suke sauka, kuma ɗan Najeriya sai da biza, don haka a nema tun da wuri. A ƙarƙashin filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa. Daga Kasablanka zuwa Rabat kamar awa ɗaya ne. Rabat ita ce babban birnin ƙasar tun 1912, gari mai tsafta da natsuwa, amma rabin yini ya ishi baƙo. Zai ga Hasumiyar Hassan, wadda Sarki Yakubu Almansur ya soma ginawa da nufin ta zama ta masallaci mafi girma a zamaninsa. Ya rasu a 1199, magina suka ajiye kayan aiki, ta tsaya a mita 44 har yau, ga ginshiƙan masallacin birjik ba rufi. Daura da ita kabarin Sarki Muhammadu na Biyar yake.

Miknas kuwa garin mutum ɗaya ne, Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Ganuwarsa da rumbunan hatsinsa da ƙofar Bab Mansur da aka kammala a 1732 duk suna nuna sarkin da ba ya son ƙaramin abu. Tunda ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga Fas ba, babu dalilin ɗaukar kaya a kwana can. A je da safe, a ƙara da kufan garin Rumawa na Walili da ke kusa, a komo Fas da magariba.

Fas ce ta cancanci kwana uku, kuma Bahaushe ba ya zama cikakken baƙo a cikinta. Gidan sarautar Idris ne ya kafa ta a ƙarshen ƙarni na 8, a 859 kuma Fatima Alfihriyya ta gina masallacin Ƙarawiyyin, wanda ya zama ɗaya daga tsofaffin cibiyoyin ilimi na duniya. Mutanen garin Malikawa ne, da ruwayar Warsh suke karatu, kuma wanda ya yi makarantar allo zai gane rubutun tsofaffin littattafansu nan take: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. A cikin tsohon garin ne zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka binne shi a 1815. Mai zuwa can da wuya ya rasa jin Hausa ko Wolof a bakin masu ziyara, musamman lokacin Maulidi, lokacin da masauki ke wuyar samu idan ba a kama da wuri ba.

Tsohon garin mota ba ta shiga. Lunguna ne dubbai, wasu mutum biyu ba sa iya gittawa sai ɗaya ya raɓe. Kaya a kan jaki da alfadari suke tafiya, kuma idan aka ji an yi ihu "balak!" to a manne da bango. Taswirar waya kan rikice a nan. Ranar farko gara a ɗauki ɗan jagora mai lasisi ta hannun masauki, a yi ciniki kafin a fita. Samarin da ke tare hanya suna cewa gaba a rufe take, galibi shagon wani suke son kai mutum. A majemar Shuwara ana miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya kanga a hanci saboda wari. Bakano zai yi murmushi: fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa, ta ratsa Sahara a bayan raƙuma, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko.

Marrakish daban take, ja ce, mai hayaniya, mai son kuɗin baƙo. Sarakunan Murabiɗai ne suka kafa ta wajajen 1070. Hasumiyar Kutubiyya mai mita 77 ita ce alamar da ɓatacce ke nema. Da dare dandalin Jami'ul Fana kan cika da masu tuya da makaɗa da masu wasa da maciji, kuma duk hoton da aka ɗauka sai an biya. Amma mafi yawan 'yan yawon buɗe ido suna wuce abin da zai fi taɓa zuciyar Bahaushe. A nan kabarin Alƙali Iyal yake, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatai da azumi, ya rasu a 1149. A nan kuma Imam Jazuli mai Dala'ilu yake kwance. Duka biyun suna cikin waliyyai bakwai na garin. Sai fadar Badi'i ta Ahmadu Almansur, sarkin da rundunarsa ta karya daular Songai a Tondibi a 1591. Yau bangaye ne kawai da sheƙar shamuwa, domin Maulaya Isma'il ya kwashe marmarar ya kai Miknas.

Sauran shiri ƙanana ne amma suna ɓata tafiya. Naira ba ta canzuwa a can; dala ko yuro ake riƙewa, a sayi dirhami bayan an sauka. Ƙananan tasi mutum uku suke ɗauka, kuma a nemi direba ya kunna mita. Ranar Juma'a shaguna da yawa a tsohuwar Fas a rufe suke, rana ce ta masallaci da cin kuskus. Yuli da Agusta zafin Marrakish kan haura digiri 40, sanyin daren Janairu a Fas kuwa ya fi na hunturun Jos. Afrilu da Mayu, ko Oktoba, sun fi daɗi.

Mai kwana bakwai zai iya ba Rabat rabin yini, Fas uku har da Miknas, Marrakish biyu, sannan ya koma Kasablanka, tafiyar awa uku. Wanda kwana huɗu kawai gare shi, ya haƙura da Marrakish ya zauna a Fas.