Fitilar cikin mota: yadda ake gano matsalarta kafin ta cinye batir

Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Dutse, Ringim da Taura, musamman masu dakon kaya zuwa kasuwar Gujungu, kan wayi gari mota ta ƙi tashi, su ɗora laifin a kan batir. Sau da yawa kuwa asalin matsalar ita ce ƙaramar fitilar da ke rufin motar, wadda ta kwana a kunne.

Ƙwan wannan fitila yakan kasance mai ƙarfin wat 5 zuwa 10. Mai wat 10 yana jan kusan amfiya 0.8 daga batir mai bolt 12. Idan ma'aikaci ya ajiye motarsa daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin fitilar na ci, za ta zuƙe kusan dukkan wutar batirin ƙaramar mota.

Matakin farko shi ne duba makunnin fitilar. Yana da matsayi uku: kunnawa, kashewa, da na ƙofa, wanda aka rubuta wa DOOR. Idan yana kan na ƙofa amma fitilar ta ƙi mutuwa bayan an rufe ƙofofi, to akwai ƙofar da ba ta rufu sosai ba, ko kuma ɗan maɓallin da ke jikin madogarar ƙofa ya lalace. Ƙurar hunturu da laimar damina, a yankin da Kogin Haɗejiya ke yawan ambaliya, suna sa maɓallin tsatsa. Danna kowanne da yatsa zai nuna wanda ya samu matsala.

Idan kuma fitilar ba ta kamawa ko kaɗan, a fara da ƙwan, domin shi ne mafi araha. Wanda ya sanya ƙwan LED ya juya shi, saboda wasunsu ta fuska ɗaya kawai suke kamawa. Daga nan sai fis. A motocin Toyota an rubuta masa DOME, kuma yakan haɗa da agogon mota, don haka mutuwarsu tare alama ce ta ƙonewarsa.

A nan ne babban haɗarin yake. Wasu kan maye gurbin fis da zaren waya, ko su sa wanda ya fi shi ƙarfi. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin wayoyi su yi zafi. Idan aka hana shi, mota na iya kamawa da wuta. Launinsa yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15. Wajibi ne a mayar da irin wanda aka cire.

Idan sabon fis ya sake ƙonewa nan take, to wata waya ta goge tana taɓa ƙarfen mota, galibi a inda wayoyi ke lanƙwasawa. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, kuma bai kamata a jinkirta shi ba.