Ƙanƙarar da Rana Ke Ci Daga Ƙasa

Iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa a numfashi, takan daskare idan sanyi ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Ana ce mata busasshiyar ƙanƙara, don ba ta narkewa ta zama ruwa. Da ta ji ɗumi sai ta koma iska. A duniyar Mars, inda kusan kashi 95 cikin ɗari na iska ita ce, duk hunturu kimanin rubu'in iskar ke daskarewa ya lulluɓe ƙuryar arewa ko ta kudu.

Daga nesa ido ba ya raba ta da ƙanƙarar ruwa, duk fari ne fat. Shi ya sa masana suka daɗe suna gardama kan fararen hulunan ƙanƙara biyu da ke ƙuryoyin Mars, har kumbon Mariner 7 ya auna sanyin ta kudu a 1969, aka ga ya dace da na kabon. Abin da ke tona asirin kowace ƙanƙara shi ne hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Kowacce da sashen da take shanyewa, kamar zanen yatsa. Da haka kumbon Mars Express ya nuna a 2004 cewa akwai ƙanƙarar ruwa ma a can kudu.

Amma inda abin ya fi ba ni mamaki wani yanki ne a kudun. Da bazara yakan yi baƙi kamar ƙanƙara ta tafi, alhali sanyinsa na nan wajen digiri 125 ƙasa da sifili. Baƙi kuma ga sanyi? Masani Hugh Kieffer da abokan aikinsa suka kawo bayani a 2006: ashe ƙanƙarar na nan, ta dunƙule ne ta yi garau kamar gilashi, baƙar ƙasar da ke ƙarƙashinta ake hangowa. Hasken rana ya ratsa ta ya gasa ƙasar, zafin ya rasa mafita, sai ƙanƙarar ta fara zama iska daga ƙasa. Iskar ta taru ta matsu, ta fasa ta yi tsiri sama da baƙar ƙura. A hanyarta ta zuwa bakin ramin takan kwarzane ƙasa, ta bar kwaruruka masu rassa kamar ƙafafun gizo-gizo.

A 2024 masanan NASA suka bayyana cewa sun kwaikwayi wannan yanayi a ɗakin gwaji a Kalifoniya, iskar kuwa ta fasa ƙanƙarar a gaban idonsu.