Cinikin Kayan Adon Azurfa Na Hannu Ta Intanet: Abin Da Hoto Ba Ya Nunawa

JOS — Tun bayan da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985, masu haƙar ma'adinai da dama a Filato suka karkata ga duwatsu masu daraja. Cikin 'yan shekaru Jos ta zama matattarar fatake daga Senegal da Mali da Gini, masu sayen tofaz da akwamarin da tomalin da safaya suna kaiwa Bankok da Jamus. Yanzu wani reshe ya tsiro a wannan ciniki: zobba da sarƙoƙi da 'yan kunnen azurfa na hannu, masu ɗauke da irin waɗannan duwatsu, waɗanda ake tallatawa a Facebook da Instagram da WhatsApp. Aikin da dillaliya ke yi gida-gida, wayar hannu ta karɓe shi, sai dai ba ta karɓi amanar da ke wuyan dillaliyar ba.

Kuɗin kowane zobe na hannu kashi uku ne: na azurfa, da na dutse, da na aikin maƙeri. A cikin ukun, azurfa kaɗai ke da farashin da kowa zai iya dubawa. Hatimin 925 yana nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, sauran kuwa galibi jan ƙarfe ne da aka zuba don ta yi ƙwari. Ana yanka farashinta da oza, wadda ke daidai da giram 31.1, shi kuwa dutse da karat ake auna shi, karat 5 ne giram ɗaya. Don haka zobe mai giram 8 da ke ɗauke da dutse mai karat 5, tsantsar azurfarsa kusan giram 6.5 ce, wato ta ɗara kashi ɗaya cikin biyar na oza da kaɗan. Abin da maƙerin fari zai biya ke nan idan ya saya don narkarwa, kuma shi ma sai ya cire ribarsa. Kuɗin aiki kuwa, mai saye na farko ya riga ya yi asarar yawancinsa tun ranar da ya fita daga kanti.

Wannan ma'auni shi ma ba a tsaye yake ba. Oza ta kusa dala 50 a 1980, ta yi yawancin shekarun 1990 a kewayen dala 5, sannan ta sake kusantar 50 a 2011. Ɗan kasuwar Najeriya yana da ƙarin ɗawainiyar canjin naira a kan wannan.

A kan dutse ne ake tafka asara. Shuɗin tofaz da ya cika kasuwa, akasarinsa fari ne aka sauya masa launi ta hanyar haska shi da tururin nukiliya da gasawa, shi ya sa yake da araha. Amma a hoto yana iya wucewa a matsayin akwamarin, wanda ya fi shi tsada nesa. Safaya ta masana'anta ta fi shekara ɗari a kasuwa. Kwalba mai launi ma tana ɗaukar ido idan aka iya haske. A ganina, duk dutsen da ba a gwada ba, kamata ya yi a yi masa kuɗin kwalba har sai gwaji ya nuna akasin haka. A nan Jos ta yi wa sauran garuruwa zarra, domin akwai masu yankan dutse da dillalai da suka shafe shekaru suna wannan aiki, kuma ladan dubawa bai kai asarar sayen jabu ba.

Hatimi ma ana buga shi a kan ƙarfen da aka yi wa ruwan azurfa, kuma abin da ake kira azurfar Jamus babu ko ɗigon azurfa a cikinsa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama jan ƙarfe ma, saboda haka wannan gwaji bai wadatar ba. Sai an haɗa da ruwan gwaji na maƙera. Mai saye daga nesa ya nemi bidiyon kayan a kan sikeli da hoton hatimi, a kuma rubuta sharaɗin mayarwa kafin kuɗi ya bar hannunsa.

Mai son mai da wannan sana'a ya sani cewa karɓar kayan sata laifi ne, kuma kayan ado na hannu suna cikin waɗanda ɓarayi suka fi saurin rabuwa da su. Bugu da ƙari, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa dillalan kayan ado da duwatsu masu daraja yin rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, tare da adana bayanan waɗanda suke hulɗa da su. Bankuna na neman wannan takarda kafin su buɗe wa irin wannan kamfani asusu.