Jitar Agadas da Akwatin Sarrafa Amo: A Gwada Kafin a Saya

Tun zamanin da, an san birnin Agadas da fatauci, da ayarin raƙuma, da babban masallacinsa mai hasumiyar ƙasa wadda tsawonta ya kai mita 27. A shekarar 1995, shekarar da aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 24 ga watan Afrilu, waɗansu ƴan'uwa suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin. Ba su da komai sai jita guda wadda ba ta aiki da kuran, da ƙwarya kife cikin ruwa. Yau kuwa jitar Agadas ta zama sana'a mai ciyar da iyalai, kuma ta kai sunan Nijar nesa. Marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, yana cikin waɗanda suka share hanya. Bombino ya yi wasa a gindin babban masallaci a watan Janairu na 2010, kuma faifansa mai suna Deran, na 2018, ya shiga takarar kyautar Grammy a Amurka. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, shi ma yana zaga duniya.

Bunƙasar sana'a takan zo da sababbin kayan aiki. Daga cikinsu akwai wani akwati da makaɗi ke ajiyewa a ƙasa yana taka shi da ƙafa, wanda ke sarrafa amon jita iri-iri. Samari da yawa na sha'awar mallakarsa. To, abin tambaya shi ne: idan mutum yana da na'urar ƙara amo, wadda makaɗa ke kira amfili, kuma ta kasance mai fitilu ce, shin akwatin zai ƙara mata kyau ne ko zai ɓata mata murya? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kuɗin akwatin gumin bukukuwa da dama ne, kuma makaɗin da amonsa ya lalace a tsakiyar biki ba a cika sake gayyatarsa ba.

Mene ne amfili mai fitilu?

Dattawa na tune da tsofaffin akwatunan rediyo waɗanda sai an jira sun yi ɗumi kafin su yi magana. A cikinsu akwai ƙananan kwalabe na gilashi masu ja kamar garwashi. Su ne fitilun da ake nufi. Wani Ba'amurke mai suna Lee de Forest ya ƙirƙiro irin wadda ke ƙara ƙarfin sauti a 1906. Da aka gano taransisto a 1947, sannu a hankali fitilu suka ɓace daga rediyo, amma masu jita suka ƙi rabuwa da su. Kamfanin Fender na Amurka, da na Marshall wanda aka fara a Ingila a 1962, da fitilu suka yi suna.

Dalili kuwa shi ne yadda fitila ke amsa hannun makaɗi. Idan ya taɓa tsarkiya a hankali, amon ya fito garau. Idan ya matsa mata, amon ya yi kauri, ya soma gurnani kaɗan kaɗan, ba tare da ya fashe farat ɗaya ba. Wato makaɗi na iya canja launin amo da yatsunsa kawai. Sai dai amfili mai fitilu yana da nauyi, yana da tsada, yana zafi, kuma gilashi ba ya son jijjiga. Masana'antun da suka rage suna ƙera fitilun kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa farashinsu ya tashi a 2022 sa'ad da yaƙin Ukiren ya ɓarke.

Mene ne akwatin sarrafa amo?

A da, kowane ado na amo yana da ɗan akwatinsa dabam: wannan na gurnani, wancan na amsa-kuwwa, wani na maimaita sauti, wani na sa amo ya riƙa rawa kamar ruwa. A 1988 kamfanin Boss na Japan ya fito da ME-5, wanda ya tara da yawa daga cikinsu wuri guda. A 1998 kamfanin Line 6 ya fito da POD, wanda ke kwaikwayon muryar shahararrun amfili. Akwatunan yanzu ƙananan kwamfutoci ne. Suna auna amon jita sau 44,100 ko 48,000 ko fiye a cikin daƙiƙa guda, su mayar da shi lambobi, su yi lissafi a kansu, sa'an nan su sake mayar da lambobin amo.

Ba yau makaɗanmu suka fara hulɗa da irin wannan fasaha ba. A 2008 Mdou Moctar ya ɗauki faifansa Anar a Sakkwato, inda aka sarrafa muryarsa da kwamfuta irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin suka bazu daga wayar salula zuwa wayar salula. Saboda haka na'ura ba abin ƙyama ba ce. Abin da ake bukata shi ne a san inda take amfani da inda take ɓarna.

Gwaji na farko: kunne

An ce gani ya kori ji, amma a sha'anin kiɗa ji ne ke korar gani. Fitilu masu walƙiya da yawan maɓallai ba su nuna kyan akwati. Mai saye ya tafi da jitarsa da amfilinsa, ya fara haɗa su kai tsaye, ya kaɗa waƙar da ya fi sani, ya riƙe wannan amo a kunnensa. Daga nan ya sa akwatin a tsakani, ya kashe dukan adon da ke cikinsa. Wajibi ne a daidaita ƙarfin sautin biyu, domin kunnen ɗan Adam yakan ɗauka abin da ya fi ƙara shi ya fi daɗi. Ya fi kyau makaɗin ya juya baya, abokinsa ya riƙa sauya wayoyi ba tare da ya faɗa masa ba. Idan amon ya dushe, ko ya rasa kaifinsa, ko wani huci ya shigo, to akwatin ya karɓi haraji tun bai yi aikin komai ba.

Gwaji na biyu: a kashe kwaikwayo

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Akwatin yakan zo da kwaikwayon amfili da na lasifika a kunne, domin an shirya shi don wanda ba shi da amfili, wanda zai haɗa kai tsaye da na'urar ɗaukar sauti. Idan aka zuba wannan kwaikwayo cikin amfili na gaske, an yi aiki ɗaya sau biyu ke nan. Lasifikar jita dama tana rage kaifin amo, ga shi kuma akwatin ya riga ya rage, sai amon ya fito kamar na mai magana da rawani a baki. Wanda ya mallaki amfili mai fitilu ya kashe kwaikwayon gaba ɗaya, ya bar ado kawai. Akwatin da ba ya ba da damar kashe su ɗaya bayan ɗaya bai dace da wannan aiki ba.

Gwaji na uku: zaure da cikin gida

Amfili kamar gida ne mai sassa biyu. Akwai zaure, inda amo ke shiga a gyara launinsa, a ba shi gurnani. Akwai cikin gida, inda ake ba shi ƙarfin da zai motsa lasifika. A bayan amfili da yawa akwai ramuka biyu, an rubuta Send a kan ɗaya, Return a kan ɗayan. Su ne ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida.

Adon da ke ƙara gurnani wurinsa gaban zaure. Amsa-kuwwa da maimaita sauti kuwa wurinsu bayan zaure, domin in sun riga gurnani shiga, sai ya dagula su, sautuka su cakuɗe. Don a sami duka biyu da akwati guda, ana amfani da wayoyi 4: daga jita zuwa akwati, daga akwati zuwa bakin amfili, daga Send zuwa akwati, sa'an nan daga akwati zuwa Return. Ba kowane akwati ke da ramukan yin haka ba, saboda haka a duba kafin a biya kuɗi. Idan amfilin ba shi da wannan ƙofa, a bar shi a kan amo mai tsabta, a ɗauko gurnani daga akwatin.

Haɗin wayoyi 4 yakan jawo wani gunji mara yankewa. Maganinsa a sa akwati da amfili a soket guda, a yi amfani da wayoyi masu kyau kuma gajeru. Kada a kuskura a cire wayar da ke kai wuta ƙasa don a kashe gunjin, domin ita ce ke tsare ran makaɗi, wanda hannunsa ke kan tsarkiyar ƙarfe.

Gwaji na huɗu: yatsu

Kiɗan jitar Abzin yana da nasa hali. Babbar tsarkiya na riƙe da amo guda kamar gindin bishiya, yatsu kuma na gudu a kan ƙananan tsarkiyoyi, suna bugawa suna sakewa da sauri. Yawancin zaƙin kiɗan yana cikin waɗannan ƙananan sautuka. A cikin akwatin akwai wani mai gadi da aka sa don ya toshe huci, kuma in an tsananta shi yakan ɗauki ƙananan sautukan a matsayin huci ya haɗiye su. Akwai kuma wani ado mai daidaita ƙarfi, wanda ke mayar da bugu mai taushi da mai ƙarfi abu guda. Wannan yana kashe ainihin abin da ya sa aka sayi amfili mai fitilu. A sassauta su biyun, ko a kashe su, a sake saurare.

Game da jinkirin lissafi, kada a tsorata. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka jinkirin kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa daidai yake da mutum ya ja da baya mita guda daga lasifika. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a taka maɓalli a tsakiyar waƙa, a ji ko amo na yankewa sa'ad da ake sauya ado. Masu rawa ba su yafe irin wannan giɓi.

Gwaji na biyar: filin biki

An ƙera waɗannan kaya ne don ɗakuna masu sanyi, alhali bikin Agadas a fili ake yinsa. A watannin bazara zafi kan wuce digiri 40, a lokacin hunturu kuma ƙura na shiga ko'ina. A duba ko ana iya karanta allon akwatin cikin rana, ko jikinsa ƙarfe ne ko roba, ko maɓallansa za su jure yashi.

Sai batun kuran. Tashar gawayi ta SONICHAR da ke kusa da Cirozerin ta fara ba da wuta a 1981, amma biki a ƙauye ko a bayan gari da injin wuta ake yinsa, kuma wutar inji hawa take tana sauka. In ta sauka, amfili mai fitilu yakan yi rauni ya ci gaba da magana. Akwati kuwa, da yake kwamfuta ne, yana iya mutuwa, sai an jira ya sake tashi. Don haka na'urar daidaita wuta tana cikin lissafin kuɗin saye. Haka kuma makaɗi ya riƙe waya guda a kusa, wadda zai haɗa jita da amfili kai tsaye in akwatin ya ƙi.

Waɗansu ƙa'idodi na tsaro: a fara kunna akwati, amfili ya zo ƙarshe, wajen kashewa a fara da amfili. Kada a kunna amfili mai fitilu ba tare da lasifika a haɗe ba, domin hakan na iya ƙona shi. A bar fitilu su huce kafin a ɗora shi a mota. Kada wanda bai koyi aikin ba ya buɗe cikinsa, domin akwai wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 500, wadda kan saura a ciki ko bayan an zare waya. Akwatin kuma a ba shi abin wutarsa na asali, domin wanda bai dace ba na iya kashe shi nan take.

Hukunci

Akwatin sarrafa amo yana da amfani ga makaɗin da ke yawan tafiya, ko mai kaɗa salo iri-iri a dare guda, domin ya fi tarin ƙananan akwatuna sauƙin ɗauka, kuma yana ɗauke da abin saita tsarkiya. Amma ga mai amfili mai fitilu, matsayin akwatin na bara ne, amfili shi ne maigida. Wanda ado biyu ko uku suka ishe shi, ƙananan akwatuna sun fi masa, domin in ɗaya ya lalace sauran na aiki. A tuna kuma cewa mai gyaran rediyo da ya ƙware na iya gyara amfili in an sami fitila, amma ƙwaƙwalwar akwati in ta ƙone, da wuya a sami mai tashinta. Saye ba tare da gwaji ba cinikin biri a sama ne.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Akwatunan na zuwa da amo ɗaruruwa da aka riga aka shirya a masana'anta, bisa kunnen mutanen wata ƙasa. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya sa duniya ta waiwayi Agadas shi ne ta ji amon da babu irinsa a wani wuri. Ya kamata saurayi ya share abin da ya tarar a ciki, ya gina nasa daga tushe.

A nan hukumomi na da rawar takawa. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, da gidajen matasa da al'adu na jihohi, za su iya shirya horo a kan gyaran amfili da kiyaye haɗarin kuran. Takardun bayanin waɗannan na'urori da harsunan waje suke zuwa. Fassara muhimman sassansu cikin Hausa da Tamajak aiki ne da zai amfani waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, ya tsare dukiyarsu da rayukansu. Allah ya sa albarka cikin sana'ar kowa.