Ƙaramin Gyara Ga Babur: Shawara Ga Malamai Da Akawunan Ƙasar Dutsin-Ma Da Kurfi

Duk wanda ya ke bin hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Kurfi ta faɗa Dutsin-Ma da sassafe, lalle zai ga malaman makaranta da akawuna bisa babura, kowa na sauri kada a buga ƙararrawa bai iso ba. Waɗansu na kan irin wanda a ke kira roba-roba, 'yan kaɗan kuwa har yanzu suna riƙe da tsohuwar Basfa, abin hawan manyan malamai a zamanin En'e. Aikina na duba makarantu ya sa na daɗe ina bin wannan ƙasa, na kuwa lura yawancin wahalar da mahaya ke sha, ƙaramin gyara ne maganinta, wanda bai fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba.

Ita Basfa, watau Vespa, kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera ta cikin 1946. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, gwanin jiragen sama ne, ba ya ƙaunar babur irin na da saboda ɓata tufafi da wuyar canja taya. Don haka ya rufe injin, ya sa garkuwa gaban ƙafafu, ya bar fili a tsakiya. Kai ka ce da mai babbar riga ya yi shawara. Amma fa titunan birni ya duba, bai san rairayin ƙasar Katsina ba, shi ya sa ya ba ta ƙananan tayoyi, inci 8 ko 10.

To, nan gizo ke saƙa. Ƙaramar taya ba ta haye rami, faɗawa ta ke yi ciki, in kuwa ta shiga rairayi sai kan babur ya riƙa rawa. Ni kaina na ɗanɗana. Wata shekara da rani na sauka daga kwalta bayan Kurfi zan je wata makarantar ƙauye, na ɗaure littattafan yara tuli a baya. Ina shiga wani busasshen rafi gaba ya fara lilo, na firgita na damƙe burkin hannu, sai ga ni ƙasa, hula can, littattafai can. Yaran da na zo dubawa su ne su ka tashe ni, suna ta ƙoƙarin danne dariya. Laifina biyu ne a ranar. Na tara nauyi a baya har tayar gaba ta yi sakayau, na kuma kama burkin gaba a wurin da ba a kama shi. Tun daga nan kaya mai nauyi tsakanin ƙafafuna na ke ajiye shi, na sa makaniki ya ɗaura ɗan ƙugiya a jikin garkuwa don kada jaka ta zame.

Ita taya kuma tana da shekaru kamar mutum. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da a ka yi ta. Kadan ka ga 2319, watau mako na 23 na 1919 ba zai yiwu ba, na 2019 ke nan. Tayar da ta daɗe a rumfa cikin zafin ƙasarmu takan bushe ta tsattsage ko ba a taɓa hawanta ba, saboda haka a duba kafin a biya. A kuma sayi ɗan ma'aunin iska a bar cikin aljihu, domin buga taya da ƙafa ba awo ba ne. Mai Basfa kada ya yar da safayar tayarsa wai don rage nauyi. A tsohuwar Basfa inji yana dama, a waɗansu irinta kuwa safaya tana hagu, tana taimaka wa babur ya daidaita.

Batun sirdi ba ya bukatar dogon bayani. A kai wa mai ɗinkin kujeru ya ƙara soso mai tauri, ba mai laushi ba, don mai laushi yakan lotse tun ba a yi mil goma ba. A rufe da farin ƙyalle, gama baƙin sirdi da ya wuni a rana cikin watan Afrilu ba ya zaunuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne al'adar cire madubi ran da a ka sayi sabon babur, wai na koyo ne ke amfani da shi. Malamin da ke koya wa yara lafiyar jiki, shi ne zai riƙa waiwaye bisa titi, babbar mota na binsa! A mai da madubi, duka biyu. A sayi irin ledar nan mai ƙyalli da dare a manna a baya da gefe, domin da hunturu, hazo da ƙura sukan dushe 'yar jar fitilar baya, direba ba ya ganin mutum sai ya iso kansa. Wayar burki da ta kuloci a riƙa ɗiga musu mai, a kuma ajiye safaya guda, don ba ta tsinkewa sai inda babu makaniki.

Mai ɗaukar iyali ya sa a yi masa raga ta rufe gefen tayar baya, musamman mai roba-roba, wadda tayarta da sarƙarta ke kusa da ƙafar wanda a ka goya. Bakin mayafi ko hijabi in ya shiga waya, fizge mace ya ke yi ta wuya. Shi ma mai gida ya tattare hannun rigarsa ya zauna a kai.

Saura hular kwano. Ran 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda a ka kafa cikin 1988, ta soma tilasta sa ta, har a ka ga 'yan acaɓa a waɗansu garuruwa sun kifa ƙwarya a kai don kauce wa tara. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Binciken likitoci ya nuna hula ta gaskiya tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, na raunin kai kuwa wajen kashi 70. Na san abin da ke hana malamai: ba sa so su shiga ofis ba zanna bukar a kai. Ni a ƙaramar jaka na ke sa tawa, in na tsaya ƙofar makaranta in cire kwano in ɗora ta, ba wanda ya taɓa ganewa. Sai dai a ɗaure maɗaurin ƙarƙashin haɓa, in ba haka ba hular ce za ta riga mutum isa ƙasa.