Hanyar Zinder zuwa Gure: tsari da tarihi

Manufar wannan taƙaitaccen bayani ita ce a nuna cewa hanyar mota da ke haɗa Zinder da Gure ba sabuwar turba ba ce, tsohuwar hanyar fatake ce aka shimfiɗa wa kwalta.

Wannan yanki na hanyar ƙasa mai lamba 1 (RN1) yana da tsawon kilomita 170 ko kusa da haka. Daga Zinder yakan yi gabas, ya ratsa Mirya da Gidimuni da Gidigir, sannan ya isa Gure. Abin lura shi ne, garuruwan sun kafu ne a inda ruwa yake kusa, kamar kwarin Gidimuni mai tafki da dabino. Ke nan ruwa ne ya tsara zangunan tun kafin zuwan mota. A watan Disamba na 1852, Heinrich Barth ya taso daga Gure, hedikwatar Muniyo a lokacin, ya bi ta Gidimuni da Mirya har Zinder.

Bayan samun mulkin kai a 1960, an ga wajibcin haɗa gabashin ƙasa da Yamai. A shekarun 1970, da taimakon Kanada, aka gina yankin Gure zuwa Ngigmi, wanda ake kira Hanyar Haɗin Kai.

Babbar matsalar hanyar a ƙasar Gure ita ce rairayin da iska ke kwasowa. Saboda haka, ɗorewarta ta dogara ne kan tsayar da tuddan rairayi ta hanyar shinge da dashen itatuwa.